Idan Damina Ta Yi Kyau a Damargu, Sai a Fara Tsoron Wuta

Ranar 14 ga Yunin 2012 gwamnan jihar Kolorado ta Amurka ya hana hura wuta a fili, ya kuma hana mutane harba tartsatsin wuta na wasa a duk faɗin jihar. Dazuzzuka sun bushe ƙamas, wata gobara ma ta riga ta kama a arewacin jihar. Kwana tara bayan haka wata ta tashi a kwazazzabon Waldo, ta gangaro daga duwatsu ta faɗa unguwannin birni na biyu mafi girma a jihar, ta lashe gidaje 346. Da 4 ga Yuli ta zo, ranar da Amurkawa ke bikin samun ƴancin kai suna haska sama da tartsatsi launi-launi, garuruwa da yawa a jihar suka ce bana a haƙura.

A Ostireliya haƙurin bai zo da sauƙi ba. A ƙarshen 2019 daji yana ci ta ko'ina, hayaƙi ya rufe birane, mutane fiye da 250,000 suka sa hannu a takardar koke suna neman a fasa wasan wutar sabuwar shekara na birnin Sidni. Kanbera, babban birnin ƙasar, ta soke nata. Sidni ta ƙi, ta ce an riga an kashe kuɗin, baƙi kuma sun riga sun cika masaukai. Aka harba wuta sama daga kan gadar birnin, alhali a kudu mutane suna tsaye a bakin teku don nan ne kaɗai wuta ba ta iya isa. Gobarar wannan kaka ta kashe mutum 33 kai tsaye, ta rushe gidaje sama da 3,000.

Masu tsoron tartsatsi suna da hujja. Ranar 2 ga Satumbar 2017 wani yaro ɗan shekara 15 ya jefa abin wasan wuta cikin wani kwari a jihar Oregon. Daji kusan kadada 20,000 ya ƙone, kotu kuma ta ɗora masa biyan diyyar sama da dala miliyan 36. A Yunin 2024 tartsatsin da aka harba daga jirgin ruwan shaƙatawa ya kunna dajin tsibirin Hidra na ƙasar Girka, aka kama ma'aikatan jirgin su 13.

Mutumin Falanko, a yankin Damargu na Nijar, da ya ji irin wannan labari a rediyo zai iya kaɗa kai ya ce abin na masu kuɗi ne. Ƙaramar hukumarsa ba ta da kasafin ƙona miliyoyi a sama cikin minti ashirin. Bikin ƴancin kan Nijar ma, 3 ga Agusta, a tsakiyar damina yake faɗowa, kuma tun 1975 da dashen itace ake raya shi. Sai dai wutar da ake gudu a Kolorado tana nan a Damargu kowace shekara, kuma tata matsalar ta fi wuyar sha'ani. Gwamnan Kolorado yana da abin da zai hana da sa hannu ɗaya. A nan babu biki guda da za a soke a ce an rage haɗari. Tartsatsin yana warwatse a hannun dubban mutane, cikin mangal ɗin shayi da guntun taba da murhun matafiyi, a daji mai faɗin da mota ke wuni ba ta ƙure shi ba.

Damargu ita ce ƙasar da ke tsakanin Damagaram da Agadas, mai gundumomi biyu a yau: Tanut, da Belbeji wadda aka cire daga jikinta a 2011. Falanko na kudancinta, tare da Gangara da Olelewa, inda gonakin gero suka fi yawa. Da can ana kiran yankin rumbun hatsi, ayarin Abzinawa kan sauko su yi awon gero su haura da shi arewa. In aka miƙa arewa, aka wuce kwarin Tarka zuwa Tanhiya, gonaki sukan yi ta raguwa har su ƙare, a shiga makiyaya zalla, ƙasar Fulani da Buzaye da garkunansu. Dokar watan Mayun 1961 ta shata iyakar da noma ba zai ƙetare ba ta arewa, iyakar kuma ta wannan yanki ta bi, ko da yake gonaki sun daɗe da tsallake ta. Dagirawa da Hausawa da Buzaye da Fulani duk a kan ruwan wata uku suke rayuwa, abin da ya tsiro a wata ukun nan kuwa shi zai riƙe mutum da dabba wata tara.

Abin da baƙo ba ya saurin ganewa shi ne, shekarar fari ba ita ce shekarar gobarar daji ba. A 1973 da 1984 dabbobi sun mutu ne don babu abin ci. Ƙasa fayau take, ko an yar da garwashi ba abin da zai kama. Wuta tana son ciyawa mai kauri wadda ta haɗe ba tsaka-tsaki, irin wadda ake samu bayan damina mai albarka. Daminar 2024 misali ce da kowa ke tunawa: ruwa ya yi yawa har ambaliya ta kashe mutum sama da 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, tsohon masallacin Birnin Damagaram ya rushe ranar 3 ga Satumba. Irin wannan ruwa a daji ciyawa yake zama. Makiyayi ya duba ya ga ƙarangiya ta kai masa gwiwa, ya yi hamdala, a ransa kuma ya san cewa daga ranar da raɓa ta ɗauke, duk wannan arziki ashana ɗaya ta ishe shi.

Akwai kuma bambancin da ya kamata a fahimta tsakanin dajin arewa da na kudu. A ƙasashen da ruwa ya wadata, kamar kudancin Kaduna ko arewacin Binin da Gana, ciyawa irin su gamba saiwarsu ba ta mutuwa da rani. In an ƙona busasshen saman, cikin ƴan makonni sai toho ya fito, shanu su samu ɗanye. Shi ya sa a can ake ƙona daji da gangan, shi ya sa kuma Afirka ke da wajen kashi biyu cikin uku na duk filin da ke ƙonewa a duniya kowace shekara. Ciyawar Damargu ba haka take ba. Ƙarangiya da komayya da gadagi ƴan shekara ɗaya ne: su tsiro da ruwan farko, su zubar da iri, su bushe a tsaye. In wuta ta bi ta kansu a watan Oktoba, babu toho, babu komai sai baƙar toka, har sai damina ta dawo a Yuni ko Yuli. Iskar hunturu ta zo ta kwashe tokar, ta bi da ƙasar saman da saiwoyi suka riƙe. Ƙananan itatuwan da suka samu damina ɗaya ko biyu suna tasowa, ƴaƴan aduwa da kandili da ɗakwara, su ma sun tafi. Wanda ya kawo ɗabi'ar ƙona daji daga kudu ya yi ta a nan, ɓarna tsagwaronta ya yi.

Manomi yana yanke geronsa ya ɗaure dami ya zuba a rumbu ya rufe. Rumbun makiyayi kuwa a tsaye yake a fili, ba marufi, ba mai gadi, kuma kowa na iya ratsa ta cikinsa da wuta a hannu.

Ana iya auna asarar da lissafi mai sauƙi. Ma'aikatan kiwo a Nijar, idan suna ƙididdigar ciyawar shekara bayan damina, suna ɗaukar saniya mai nauyin kilo 250 a matsayin ma'auni, suna ba ta kilo 6.25 na busasshiyar ciyawa a rana. A kwana 270 na rani, wajen tan 1.7 ke nan. A ce kadada ɗaya ta ba da tan ɗaya, wanda a arewa shekara ce mai kyau. Ba duka dabba ke samu ba: iska na kwasa, gara na ci, kofato na tattakewa, abin da ke shiga ciki bai fi sulusi ba. Saniya ɗaya ke nan tana buƙatar wajen kadada biyar. Gobarar da ta ci kadada 1,000, wadda a dajin Tanhiya ba a ma kiranta babba, ta cinye abincin ranin shanu kusan 200. Kuma ba duk kadada ce daidai da ƴar'uwarta ba. Ciyawar da ke kusa da rijiya ta fi ta nesa daraja nesa ba kusa ba, don dabba ba za ta ci a inda ba za ta iya komawa ta sha ba. In wuta ta share kewayen rijiya, rijiyar ta tashi daga aiki a wannan shekara ko da ruwa ya cika ta.

Daga ina tartsatsin yake fitowa? Mafi yawa daga abubuwan da ba wanda ke ɗauka a bakin komai. Mutum ya sauka gindin kandili da hantsi, ya fito da ƴar butarsa da mangal ɗin waya, ya zuba gawayi. Shayin daji ba a gaggawa da shi, sai an sha na ɗaya da na biyu da na uku. Don gawayin ya kama, sai a riƙe mangal a yi ta lilo da shi a iska, a lilon nan kuwa ɗan mitsitsin garwashi kan yi tsalle ya faɗa inda ido bai kai ba. Ko kuma an gama, a juye tokar a gefe, ana ganin ta mutu, alhali cikinta ja ne. Iska ta taso da azahar ta yaye tokar, mai shayi ya riga ya yi nisa. Tsofaffin makiyaya sun san wannan sarai. Kafin su hura wuta sukan share wuri da ƙafa har sai rairayi ya fito, in za a tashi kuma a ji dattijo yana cewa, "Kai ɗan nan, tona rami ka binne ta, ka taka da kyau." Yaro ya amsa, "To, Baba," ya yi abin da aka ce. Wanda ya fi sakaci galibi mai wucewa ne, wanda ba shi da ko akuya a dajin.

Masu wucewa kuwa sun ƙaru. Hanyar Damagaram zuwa Agadas ta ratsa Tanut, manyan motoci na tsayawa a dafa abinci a gefenta, fasinja na jefar da guntun taba ta taga. Tun da aka gano zinariya a Jado, can arewa, a 2014 zirga-zirgar ƙananan motoci da babura ta cikin daji ta daɗu, salansa mai zafi kuwa in ta kwanta kan busasshiyar ciyawa ba ta buƙatar ashana. Ga mafarauta da ke cusa wuta a rami don su fito da gafiya ko bushiya, ga masu cin zuma da hayaƙi, ga masu kamun fara da ke kwana a daji lokacin sanyi suna hura wutar jin ɗumi da ta dafa abin da suka kama. Ga yara masu gasa abin da suka samo. Akwai kuma, ko da yake ba a son faɗa, wanda ke kunnawa da gangan don ya kori wani garke daga kusa da shi, ko don wata tsohuwar gaba.

Shi kansa abin fashewar wasa bai yi nisa da ƙasar Hausa ba kamar yadda ake zato. A Najeriya kusan duk Disamba ƴan sanda sukan sake shelar hana sayarwa da harba abin da yara ke kira nokawut, kuma ranar 26 ga Disambar 2012 wani ɗakin ajiyarsa ya fashe a kasuwar Jankara ta Legas, gobara ta bi gine-ginen da ke kewaye. Kaya irin wannan ba ya sanin iyakar ƙasa. Bukukuwan ƙarshen shekara, da 18 ga Disamba, ranar jamhuriyar Nijar, duk a tsakiyar hunturu suke zuwa, lokacin da harawa ke jibge a kan rumfuna, kara ke tsaye a bayan gida, danga da jinka suka bushe. Maigarin da ya hana yara wannan wasa a irin wannan lokaci bai yi tsanani ba.

Hunturu shi ne abokin tafiyar wuta. Iskarsa daga arewa maso gabas take busowa, busasshiya, tana tsotse ɗan damshin da ya rage a ciyawa. Da rana tsaka, in ta yi ƙarfi, harshen wutar na iya tsere wa mai gudu, tana kuma jefa ɓurɓushin ciyawa mai ci gaba da ita, ta kunna sabon wuri kafin ta iso. Daga nesa hayaƙi ake fara gani, fari-fari sannan ya yi duhu, shirwa na shawagi a kansa suna cafke farar da ke tashi. Da dare sai a ga jan layi ya miƙe a gindin sama.

In kuwwa ta tashi, kowa da abin da hannunsa ya samu yake fita: shebur, manjagara, tsohon buhu, reshen anza ko na sabara mai ɗanyen ganye. Wasu a babur, wasu a raƙumi, wasu a amalanke. Ba a tarar wutar daji gaba da gaba. Ta gefe ake bin ta, ana bugu ana watsa rairayi, ana matse ta har bakinta ya tsuke, waɗanda ke baya kuma suna kashe duk kututture da kashin shanu da ke hayaƙi, don busasshen kashin shanu yana iya riƙe wuta sa'o'i ya sake tayar da ita bayan kowa ya koma gida. Maganar kashewa da ruwa ba ta taso ba. Damargu ƙasa ce mai zurfin ruwa, akwai rijiyoyin da sai raƙumi ko jakuna sun ja igiya sun yi tafiya kafin guga ya leƙo. Ruwan da aka samu haka na sha ne. Motar ƴan kwana-kwana kuwa, in ma akwai ta a kusa, ba a yi ta don tudun rairayi ba. Sau da yawa abin da ke tsayar da wutar shi ne faɗuwar iska da dare, ko hanyar mota, ko wani fako da ba ciyawa. Kafin nan an sha hayaƙi, ƙafafu sun ƙone, wani lokaci har da tumakin da suka ruɗe suka faɗa ciki, ko rugar da ba a samu kwashe ta ba.

Falanko ba a tsakiyar makiyaya take ba, shi ya sa wani zai ce wannan duk matsalar mutanen arewa ce. Ai wutar da ta ci a Tanhiya ko bayan Belbeji da ƙafa huɗu take isowa kudu. Bisa al'ada garkuna kan haura arewa da damina, wasu har Ingal wajen lasar gishiri, su dakata a can sai manoma sun kwashe amfanin gona, hukuma ta sa ranar sakin gonaki, sannan su gangaro su ci kara su bar taki. Wannan tsari ya dogara ne ga ciyawar arewa ta riƙe dabbobi har ranar ta zo. In ta ƙone a Oktoba, makiyayi ba zai tsaya yana kallon toka ba. Zai kaɗo dabbobinsa kudu alhali dammunan gero na gona, wake bai gama bushewa ba, burtali kuma gonaki sun cinye rabinsa. Daga nan sai ɓarna, sai ƙara gaban maigari da arɗo, sai tara, wani lokaci sai abin da ya fi tara muni. Rigima da yawa da ake shari'arta a kan saniya ta shiga gona, asalinta wani guntun taba ne da aka yar a wuri mai nisan kwana uku.

Kasuwa ma tana ji a jikinta. Wanda ba shi da abin ba dabbobinsa dole ya rage su, in kuwa mutane da yawa suka kawo a lokaci guda, a Tanut ko Belbeji ko Bakin Birji, farashi ya faɗi. Dusa da angurya da harawa su kuma su hau. Ɗan ragon da matar aure ke turkewa a Falanko don Babbar Salla, kuɗin abincinsa ya ƙaru saboda gobarar da ba ta ko ga hayaƙinta ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A nan gemun ma kusan ɗaya ne.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar gandun daji ta 2004 ta tanadi hukunci a kan tayar da gobarar daji, ma'aikatan gandun daji kuma su ke da alhakin bincike. Amma kama mai laifi a daji sai an dace. Yaron Oregon an gan shi ne, akwai masu yawon buɗe ido a wurin. A dajin Tarka shaida ɗaya ita ce sawu, iska kuwa ba ta barin sawu ya kwana. Ko an san wanda ya yi, sau da yawa ɗan wani ne da aka sani, sai a rufe don zumunci. In ma an kama shi, me zai biya? Talakan da ya ƙona kadada dubu ko an sayar da duk abin da ya mallaka bai biya ciyawar kadada hamsin ba. Hukunci yana da amfaninsa wajen tsoratarwa, amma ba ya mayar da ko tsinke ɗaya. Shi ya sa huɗubar Juma'a da shelar ranar kasuwa da gidajen rediyon karkara suka fi kotu tasiri a nan. Malamai sukan tunatar cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a kwanta barci a bar wuta tana ci, kuma wannan tunatarwa tana shiga kunnen da takardar doka da Faransanci ba ta shiga.

Ido daga sama ma akwai. Taurarin ɗan'adam suna hango zafin gobara kullum, cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tun 1974 tana bin yanayin ciyawa da ruwa a ƙasashen Sahel. Sai dai ganin wuta a kwamfuta a Yamai daban, samun mutum hamsin da shebur a wurin cikin sa'a ɗaya daban. Wayar salula ta fi kusa da biyan wannan buƙata, a inda akwai layi. A inda babu, har yanzu sai wani ya hau tudu yana ɗaga waya sama, ko ya hau babur ya kai labari da bakinsa.

Abin da ya rage, wanda kuma aka tabbatar yana aiki, shi ne hanyar tare wuta. Fili ne ake sharewa tas, mai faɗin mita 15 zuwa 20, a miƙe shi kilomita da kilomita a gicciye da inda iska ke busowa, a yanka daji gida-gida yadda in wani gida ya kama, wutar za ta iso bakin rairayi ta rasa abin ci. Wani wuri tarakta ke yi, wani wuri a ɗaura wa raƙumi ko shanun noma reshen ƙaya su ja, amma mafi yawa aikin hannu ne. A ga mutane sun jeru kafaɗa da kafaɗa da manjagara, fuska a naɗe da rawani, suna ja da baya suna tara ciyawa. Ƙarangiya ba ta raga wa kowa. Tana manne wa wando, ta shige tsakanin yatsu, da yamma kowa ya zauna yana cire ƙaya ɗaya-ɗaya. Gwamnati, ta hanyar tsarinta na rigakafin ƙarancin abinci, da ƙungiyoyin agaji sukan biya kuɗin wannan aiki bisa tsawon da aka share, kuɗin kuma yana zuwa daidai lokacin da samari ke shirin tafiya ci-rani Libiya ko Najeriya, ya riƙe wasunsu a gida na ɗan lokaci.

Aikin yana da sharaɗi biyu masu tsauri. Na farko, ba a yin sa sau ɗaya a huta. Hanyar da aka share bana, damina mai zuwa za ta rufe ta da ciyawa, sai an sake. Na biyu shi ne lokaci. Ba a sharewa ciyawa na ɗanya, in kuma aka bari ta bushe ta daɗe, wuta ta riga ma'aikata isa. Tsakanin ƙarshen Satumba da farkon Nuwamba ne aikin ke da cikakken amfani, kuma wannan shi ne lokacin da hannun kowa ke gona wajen girbi. Kuɗin da aka saki a Janairu, bayan takardu sun gama zagaya ofisoshi, zai share hanya mai kyau a gefen dajin da ya riga ya ƙone. Duk mai son a rage gobara a Damargu, a kan wannan jinkiri ya kamata ya matsa, tun ana tsakiyar damina, lokacin da tsayin ciyawa ya riga ya nuna irin ranin da ke tafe.

Sai batun ciyawar da aka share. Tari ne mai yawa, kuma in an bar ta a bakin hanyar ta zama makamashi, dole a kwashe. A inda aka tsara abin da kyau, ana ɗaure ta a adana a wuri mai tsaro, a fito da ita a watan Afrilu da Mayu lokacin da dabbobi suka fi galabaita. Amma ciyawa ta zama haja. Amalanke da manyan motoci na lodinta zuwa Damagaram da sauran birane inda masu kiwon turke ke saye da tsada, har dokar makiyaya ta 20 ga Mayun 2010, wadda ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne, ta sa wa kwasar ciyawa a makiyaya ƙa'idoji. Makiyaya suna ƙorafin cewa wasu na fakewa da sharar hanyar wuta su kwashe har inda ba a shata ba. Masu sharar su kuma suna cewa guminsu ne, ƙayar a hannunsu ta shiga. Kwamitocin kula da filaye da tsarin dokokin karkara na 1993 ya kafa, inda maigari da wakilan manoma da na makiyaya ke zama tare, nan ne wurin da ya dace a yanke wa zai kwashi ciyawar, nawa za a ajiye wa garkunan yankin, nawa za a sayar, kuma a yanke tun kafin manjagara ta taɓa ƙasa.